Ranar da Sarƙar Keke Ta Ci Mini Wando

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Kwana biyu kun ji ni shiru. Gwiwata ce ta kumbura, zuciyar ma ba ta fi gwiwar lafiya ba. Wanda yau ya fara shigowa, bari in ɗan kama masa hannu.

Ni mai ɗinkin kujeru ne. Soso, yadi, ƙusa, allura, a nan na tashi. Makaranta ban yi nisa ba. Ina karanta saƙo, ina rubuta amsa, sai dai kafin in gama layi biyu wani ya sha shayi ya wanke kofi. Tun ina yaro ake ce mini Sannu-Sannu, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa a gidanmu.

Yarinyar da nake so, Auta ake ce mata a gidansu, ni ma na bi bakinsu. A shagon tabarau take aiki, ita ke goge gilasai tana gwada wa mutane a fuska. Mahaifinsu ya rasu, maganar aurenta duk tana hannun yayanta, direban motar asibiti. Auta ta ce mutumin nan, agogo ma shi yake tambaya ƙarfe nawa.

Kuma ba ni kaɗai ba ne a layi. Akwai wani mai farar mota da ya zo shagonsu sau uku a wata ɗaya yana sayen tabarau, alhali idonsa ya fi nawa lafiya. Ni dai Mai Turare nake ce masa, don in ya fita sai shagon ya wuni yana tunawa da shi. Auta ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ya nemi lambarta, ya nemi ta Yaya, ta ba shi tata saboda aiki, ta hana shi ta Yaya.

“Yaya ba ya raina talaka,” ta ce mini wata rana da bas ta ajiye ni bayan sun rufe shago, tana tsaye da jakarta a kafaɗa. “Amma yana raina mai latti. Ka san da wannan.”

Wannan maganar ce ta kai ni shagon Injiniya mai sayar da kekuna.

Ɗaki ne siriri a ƙasan wani bene, kekuna rataye a rufi da ƙugiya, ƙasa duk baƙin mai. Akwai masu kariyar ɗaukar kaya a baya, akwai masu kwando, akwai masu giya da wayoyi kamar gashin mahaukaciya. Ni idona ya tsaya kan wani siriri, shuɗi mai duhu, ba kariya, ba madigadi, ba murfin sarƙa, birki ɗaya tak a gaba. Wani ya taɓa wucewa ta gaban shagonsu Auta a kan irinsa, ta bi shi da kallo ta gilashi ta ce, “Dubi, ba tarkace, sai ka ce da biro aka zana shi.” Ita ta manta ta faɗa. Ni ban manta ba.

“Wannan nake so,” na ce.

Injiniya ya cire tsinke daga bakinsa ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Ka taɓa hawa keke a titi?”

“Na kawuna, ina yaro.”

“To wancan jaki ne, ana barci a kansa. Wannan ba ya hutu, ba ya barin mai shi ya huta.” Ya sauko da shi da hannu ɗaya, ya ɗaga bayan, ya juya taya. Feda ta bi ta. Ya mayar da tayar baya, fedar ma ta koma baya. “Ka gani? A ɗaure suke da juna. In taya tana juyawa, ƙafarka tana juyawa, ko kana so ko ba ka so. Babu zancen ka saki ƙafa ka sha iska a gangara.”

“Ai ni ba na gudu.”

“Ba kai za ka yi gudun ba, abokina, shi zai yi da kai.”

Na dage. Ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da zan fita ya yanko wata 'yar roba daga tsohon tiyub ya miƙo mini.

“Ƙafar wando ta dama. Kullum ka ɗaure ta. Sarƙar nan in ta kama abu ba ta san sabo ba.”

Ranar farko na manta da maganar hutu. Na zo gangarar da ke gaban wurin aikinmu na saki ƙafa kamar yadda na saba, fedar ta ɗago ni daga kan sirdi kamar an harbe ni, na faɗa cikin tarin soso a bakin ƙofa. Maigida ya yi dariya har ƙusoshin da ke bakinsa suka zube. Ya ce, “Yau Sannu-Sannu ya shigo aiki da sauri.” Amma kwana goma ban cika ba na fara gane halinsa. Na iya rage gudu da cinya, na iya ratsa tsakanin motoci in bar bas ɗin da nake shiga a da tana huci a cunkoso. Sau huɗu a jere ina riga mai makulli isa. A raina na ce ashe ba ni ne mai latti ba, hanya ce.

A gida kuwa ban samu mai taya ni murna ba. Ɗaki biyu gare mu a hawa na biyu, ni da Umma da yayata, Anti, wadda take kitso a baranda. In na ɗauko keken a kafaɗa na hawo da shi na jingina bayan firij, sai Anti ta tsaya da tsinken kitso a hannu.

“Mai mota yana nema, kai ka sayo abin da ko kariya babu. Amaryar a ina za ka ɗora ta? A ka?”

“Ki bar shi,” in ji Umma. “Amma kai ma, in mutanen nan za su ba ka, su ba ka. In ba za su ba ka ba, su faɗa, mu san inda dare ya yi mana. Shekara biyu kana sintiri, na gaji da amsa tambayar maƙwabta.”

Ranar Laraba saƙon Auta ya shigo ina tsakiyar ja wa wata kujera fata.

“Yaya ya ce Asabar ƙarfe 4. Huɗu da rabi zai fita ya kama motar ma'aikata, yana da aikin yamma. Minti 30 ne kawai amma sun isa. Don Allah Sannu-Sannu, ranar nan kaɗai, ka bar sunanka a gida.”

Na karanta sau biyar. Na rubuta “To”, na goge, na rubuta “Insha Allah”, na tura.

Asabar tun hantsi Anti ta karɓe ragamar gidan. Duk tsiyar da take mini, ita ta wanke farar rigata, ita ta goge mini wandon nan ruwan toka da ban taɓa sa shi ba sai sau ɗaya, mai faɗin ƙafa, ta fitar masa da kari kamar bakin wuƙa. Ta goge takalmina da tsohon ɗankwalinta. Ta fesa mini turarenta a wuya, na ce na mata ne, ta ce in rufe mata baki, ƙamshi ba shi da jinsi. Umma tana zaune bakin gado tana kallo, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa.

Ƙarfe uku daidai na sauko da keken. Tafiyar minti arba'in ce, na ba kaina ashirin na ajiya. Na durƙusa a bakin ƙofa na naɗe ƙafar wandon na zagaya ta da robar Injiniya.

Anti ta leƙo daga baranda.

“Me nake gani haka?”

“Saboda sarƙa ne.”

“Awa guda na yi ina fitar da karin nan! Gidan surukai za ka je da roba a ƙafa kamar kazar kasuwa? Kafin ka isa ya yamutse kamar an tauna. Cire, don Allah, kada ka ba mu kunya.”

Jama'a, ba zan ɗora wa Anti ba. Ita wando ta sani, ba ta san keke ba. Ni da aka faɗa wa, ni na cire. Na dubi karin nan, na tuna Mai Turare da kayansa da ko ƙuda ba ya sauka a kai, na zare robar na jefa a aljihu. Na ce zan riƙa kula.

Na kula kuwa, har rabin awa. Ina tafe ina ɗan buɗe ƙafar dama kamar mai ƙurji. Sai na hau gadar sama, wadda daga ita zuwa gidansu Auta bai fi minti goma ba. Hawan lafiya. A saukowa ne keken ya karɓi mulki. Feda ta fara juyawa da ni, iska ta cika ƙafar wandon ta buɗe ta kamar tuta, na ji wani abu ya fizge ni ta ƙasa.

Da irin keken kawuna ne, sai in tsayar da ƙafa, magana ta ƙare. Wannan bai tsaya ba. Na ji kyaaat, yadin yana tafiya tun daga idon sawu har saman gwiwa, sarƙar tana naɗe shi tana ƙara ci. Tayar baya ta kulle. Na damƙe birkin gaba da dukkan ƙarfina, abin da bai kamata ba ke nan. Sai gani na a kwalta, keken a kaina, ƙafata ɗaure da shi.

Wani mai faci da ke ƙasan gadar ne ya rugo, dattijo mai furfura a gemu. Ya ja mu gefe ni da keken kamar buhu ɗaya. Ya murza tayar baya a hankali, sarƙar ta riƙa amayar da wandon kaɗan-kaɗan, baƙi ƙirin da mai, da huda-hudar haƙora a jere.

“Ka auna arziki, ɗana. Da yatsa ne, da ya tafi.” Ya dubi rigar, ya dubi takalmin, ya shaƙi turaren Anti. “Zance za ka?”

“Wajen yayanta.”

“Ƙarfe nawa?”

“Huɗu.”

Ya duba wayarsa. “Saura minti ashirin. Ko turawa ka yi ka isa. Tashi.”

Na dubi ƙafata. Wandon a buɗe kamar labule, cinyata a waje, gwiwa tana jini. Na ga kaina ina shiga falonsu haka, ina durƙusawa gaban Yaya ina riƙe yadi da hannu ɗaya. Kunya ta rufe ni tun kafin in je.

“Ga wandon aikina a rataye,” in ji dattijon. “Da mai a jiki, amma a rufe yake.”

“Na gode, Baba. Zan gyara wannan.”

“A nan?”

A nan. A 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi ina da gwangwanin aikina, da lanƙwasasshiyar allura da zaruruwa. Mu masu kujeru muna da wani ɗinki da muke rufe bakin matashi da shi ta waje, bayan an cusa soso, zaren ya ɓuya ciki kamar ba a taɓa buɗe wurin ba. Ba a buƙatar cire wando. Na zauna kan wata tsohuwar taya, na ɗaure gwiwar da hankici, na miƙe ƙafa, na haɗa bakin yadin biyu. Na ce minti goma.

Wayata ta yi ƙara. “Ka kusa? Yaya ya fito falo.”

Na rubuta, “Ina hanya.”

“Kira su mana,” in ji mai facin. “Ka ce ka faɗi. Faɗuwa ai ba sata ba ce.”

“Yanzu zan gama.”

Abin da ban faɗa masa ba, ban iya ɗinkin banza ba. Hannuna bai san shi ba. Shekara goma sha biyu Maigida yana dukan bayan hannuna in na yi tsalle a ɗinki, har ya zama ko ina so in yi sauri allurar ba ta yarda. Kuma inda haƙoran suka huda sai an ɗan naɗe a ci gaba da yadi mai kyau. Ina cikin yi na manta da gada, na manta da motoci. Na ga layin yana tafiya sumul, wani sanyi yana shiga raina.

“4:10. Sannu-Sannu kana ina?”

“Ina hanya.”

Da na kai gwiwa na ga wajen taƙi ɗaya ya karkace, ya tattare kamar bakin tsohuwa. Wallahi na tsaya na dube shi. Wani abu a raina ya ce bar shi, tashi. Na sa bakin allura na warware, na sake.

Wannan warwarewar ita ce ba na iya yafe wa kaina. Faɗuwa tsautsayi ce. Roba, a ce Anti. Amma taƙin nan ni da hannuna ne, ba wanda ya sa ni.

Wayar ta yi ta ruri a kan tayar. Kira biyu ban ɗauka ba, don ban san da wane baki zan yi magana ba. Saƙo ya biyo baya.

“Yaya ya sa takalmi.”

“Ya cire hula ya sake zama. Ya ce a ƙara maka minti 10. Bai taɓa yi wa kowa haka ba.”

“Don girman Allah ka ɗauki waya.”

Biyar saura kwata na ciji zaren. Mai facin ya miƙe mini kan keken da ya karkace, ya duba ɗinkin, ya girgiza kai.

“Hannu dai akwai shi,” ya ce. “Allah ya sa a tambaye ka shi.”

Na fito da robar daga aljihu na ɗaure ƙafar, yanzu da ba ta da sauran amfani. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, keken kuma bai san gwiwa tana ciwo ba, duk juyi sai ya lanƙwasa ta. Minti goman nan ta zama ashirin da biyar.

Biyar da minti goma na tsaya a ƙofar gidansu. Auta tana tsaye a bakin get, ba ta jira na buga ba. Doguwar riga ce a jikinta ruwan zuma, da mayafi mai ƙananan duwatsu a baki, wanda ta taɓa nuna mini hotonsa ta ce sai babbar rana. Kwallin idonta ya ɗan zubo ta gefe ɗaya. Ta bayanta ina hango ƙofar falo a buɗe, da tire a kan tebur, kofi biyu a kife, ba wanda ya taɓa su.

“Auta, cunkoso ne a wajen gada...”

“Da keke?”

Ta sauke ido. Jinin ya ratso hankicin ya fito ta wandon, ya yi tambari a gwiwa. Ta durƙusa, abin da ban zata ba, ta bi layin ɗinkin da yatsa tun daga ƙasa har sama. Mai aikin gilashi ce, idonta ba ya kuskure.

“Faɗuwa ka yi.”

“Eh.”

“Ƙarfe nawa?”

“Uku da rabi.”

“A ina?”

“Gadar nan.”

Ta miƙe a hankali. “Gadar nan. Da nake hangowa daga tagar ɗakina.” Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi. “Ka san aikin Yaya? Mutane yake kwasa a titi, da jini, da yagaggun kaya, wasu ba kayan ma. Da ka shigo masa haka ƙarfe huɗu, da shi zai wanke maka ciwon da hannunsa. Da yau an gama magana.”

“Ban so ya gan ni a wulaƙance ba.”

“Wandon ka ba awa guda. Ni ka ba ni ‘ina hanya’.”

Na tambayi abin da ya rage. “Ya tafi?”

“Ya jira ka har biyar saura minti goma. Motar ma'aikata ta wuce. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa makara ba, kuma in bai karɓi motar asibitin ba wanda ya wuni a kanta ba zai tashi ba. Ya fita titi, ba tasi, ba komai. Yana tsaye yana duba agogo, yana kallona. Sai na kira shi.”

“Wa?”

“Ka san wa.”

Na sani. Ƙamshin ma yana nan a bakin get ɗin, ni ne ban so in ji ba.

“Minti biyar ya yi ya iso. Ni na kira shi, Sannu-Sannu, da hannuna. Wata biyu ina hana shi lambar Yaya, yau na buɗe masa ƙofar mota na sa Yaya a ciki. Suna tare yanzu, su biyu, kuma ka san nisan asibitin.”

Wayarta ta yi ƙara a hannunta. Ta duba, ta dube ni, ta ɗauka.

“Na'am, Yaya... Eh, ya zo... Yanzu... Faɗuwa ya yi, Yaya, da keke, gwiwarsa...” Ta saurara. “Uku da rabi.” Ta sake saurarawa, ta daɗe. “To.”

Ta miƙo mini. “Da kai zai yi magana.”

Na goge hannuna a riga, farar rigar da Anti ta wanke, na karɓa. Ta cikin wayar ba hayaniyar titi ko kaɗan, irin shirun motar da aka rufe gilasanta.

“Ina wuni, Yaya.”

“Lafiya. Ƙafar tana taka ƙasa?”

“Tana takawa.”

“Ka wanke da ruwan gishiri, kada ka bar yadi ya manne a kai. In ta kumbura ka je a duba. Wayarka ta fashe a faɗuwar?”

“A'a, Yaya.”

“To.” Wannan “to” ɗin ta fi mari. “Ni ba na faɗa da mutum. Asabar mai zuwa ina da rabin awa, amma na riga na ba wani. Bayan nan Auta za ta ji daga gare ni.”

Kafin in amsa na ji wata murya daga gefensa, mai laushi, mai ladabi, ba gatse ko ɗigo a cikinta.

“Yaya, a ce masa Allah ya ƙara sauƙi.”

Yaya. Tafiyar minti ashirin, har ya zama yayansa.